Bahon Gambo

Shekara talatin da biyu na yi a Hukumar Ruwa,
kunnena a jikin injinan Ajiwa
kamar mai sauraron ƙirjin ɗansa.
Na yi ritaya da agogon bango da takardar yabo,
na ce ni da sifana mun yi sallama.
Ashe da sauran magana tsakanina da ruwa.

Ran da Rakiya ta aiko da shi daga Legas
sai da muka cire ƙyauren zaure.
Ƙarti shida, gumi, "ɗaga can", "a hankali".
Malam Ilu ya leƙo ta katanga:
"Kwalekwale ka saya, Nalado?
Ina kogi a Ƙofar Marusa?"
Ban tanka ba.
Likita ne ya ce ɗumi zai saki jijiya,
tun da hannun Gambo na dama ya daina amsawa.

To, baho dai ba ɗan goyo ba ne,
amma ya fi ɗan goyo rigima.
Da asuba in kwashe ganyen bedi,
in tsoma 'yar takarda in ga launinta,
in auna kulorin da murfin kwalba.
Ruwan burtsatsenmu gishiri gare shi,
yana barin farin gemu a bakin bututu,
in bi shi da tsami da tsohon buroshi.
Ka yi sakaci kwana uku,
gansakuka ta zo ta shimfiɗa koren tabarma
kamar gidan ubanta ne, ba ta sallama, ba ta gaisuwa.

Wuta kuwa, sai ta ga dama.
Mita tana cin kuɗi kamar akuya a rumbu.
Na sayar da babur, ban faɗa wa Rakiya ba.

Daren Laraba injin ya yi tari,
ya yi wani gurnani, ya yi shiru.
Ƙaurin waya ya cika tsakar gida.
Yaron da na kira ya duba, ya sosa ƙeya,
ya ce sai an yi odar sabo, wata biyu.
Wata biyu!
Gambo na jinmu daga kan kujera,
ta kalli hannunta, ta kau da kai.
Wannan kallon ne ya hana ni runtsawa.

Na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado.
Sifana ta yi tsatsa, ni ma haka.
Na kwance shi a kan buhu, kusa bayan kusa,
ina jera su yadda zan tuna.
Ga ta nan: 'yar roba, ba ta kai zobe ba,
ta tsage, ruwa ya bi ta ya sami waya.
Abin da ke kayar da babba ke nan,
ba ya zuwa da ganga.
Na zaga kasuwa rumfa bakwai,
na same ta wajen mai kayan injin ban-ruwa,
naira ɗari uku, har da ragi.
Mamuda ya sake naɗa waya, na biya shi da rantsuwa
cewa sauran sai ƙarshen wata.

Juma'a bayan la'asar na danna.
Shiru.
Na ce Bismillah, na ƙara dannawa.
Sai ƙasan ruwan ya fara magana,
ƙwal, ƙwal, sannan tafasa ba wuta.

Ba na yarda da lambar da ke jikin allo.
Gwiwar hannuna nake tsomawa,
yadda ita ta yi wa 'ya'yanmu biyar.
Na ɗauke ta, ta yi sauƙi, ta fi da sauƙi,
na zaunar da ita har wuya.
Tururi ya tashi ya bi ta furfurarta.

Ta ce, "Ya yi zafi, Injiniya."
Na ce, "Ƙarya kike."
Ta yi dariya da rabin baki.

Can ƙasa, inda kumfa ke wasa,
na ga ɗan yatsanta, ƙaramin,
ya lanƙwashe, ya miƙe.
Ko ita ce, ko ruwan ne, ban tambaya ba.
Na juya ina neman abin da zan ɗaure,
alhali babu inda ke yoyo
sai fuskar tsohon ma'aikacin ruwa.