Ganyen da Na Ƙona

Shekara ashirin da bakwai ina cikin kaki,
aikina farautar ganye guda.
Na san warin wiwi tun daga bakin tasha,
na tono ta a ƙasan buhun albasar Aliero,
na farke tayar babur na same ta,
har a gammon wata tsohuwa mai tallan tsamiya.

A wani kwari gabas da Zuru
mun cinna wa kadada uku wuta.
Iska ta juyo da hayaƙin kanmu,
Kofur Bawa ya zauna bisa jarka
yana ta dariya har da hawaye.
Mai gonar, Dantani, bai ce uffan ba,
ya miƙo hannu biyu, na sa masa igiya.

Yau ga ni a Jega, fansho na zuwa in ya ga dama.
Ƙafa ta kumbura, takalmin Juma'a ya ƙi shiga.
Matashi uku nake tarawa kafin barci ya yarda.
An raba ni da gishiri, an raba ni da kilishi,
likita ya ɗaga hoton ƙirjina ga fitila,
ya ce, “Ka ga nan? Ta yi girma, ta gaji.”
Ashe girma ma ciwo ne ga zuciya.

Ɗiyata Hindatu ce ta kai ni Birnin Kebbi,
wai in ga inda take kwana ba ta dawo gida ba.
Ɗaki mai sanyi, kabad ɗin ƙarfe, kwaɗo biyu,
takardar izini a bango
da hatimin hukumar da na tsufa a cikinta.
Ta buɗe, ta ɗauko kwalba kamar ta turare,
mai ne a ciki, kalar man shanu.
Hancina ya riga idona.
Na ce, “Hindatu!” Ta ce, “Shi ne, Baba, gaskiya.”

Ta ce ganyen gari ne mai mutane fiye da ɗari.
Wanda ke juya kai daban,
ita wani take bi, mai shiru,
ko zai lallashi jijiya ta saki,
ko zai kwantar da kumburin hanyar jini.
Ta ce ko. Na ƙirga, sau biyar ta ce ko
kafin mu kai ƙarshen baranda, gajeriyar tafiya.

Ɓeraye farare arba'in, kowa da lambarsa.
Dakta Gado na ɗaura musu awo a wutsiya
kamar yadda ake ɗaura mini a dantse.
Na goma sha bakwai jininsa ya sauka.
Na ashirin da biyu yana nan yadda yake.
Na tara ya mutu ran Talata,
ba a san ko man ne, ko daren da janareta ya tsaya,
an dai rubuta shi da jan biro a shafin jiya.

Na rage murya don kada Gado ya ji:
“Ɗigo ɗaya fa, a shayi?”
Ta mayar da kwalbar, ta danna kwaɗo, ta danna na biyu.
“Ɓera ba mutum ba ne, Baba.
Hayaƙinta ma sukuwa yake sa ƙirji.
Wataƙila shekara goma, wataƙila babu komai.
Ka sha na safe kuwa?”
Muryata ce sak, ta bakin shingen hanya,
lokacin ina da sanda da lafiya.

A mota, mun wuce gada, na laluba wuyan hannuna:
bugu, bugu, tsallake, bugu.
Ban san ko Dantani na raye ba.
Ban nemi gafarar ganye ba, na ga yaran da ya cinye.
Amma da na idar da isha'i na yi wa iyaye addu'a,
sai na ji bakina ya ƙara da na goma sha bakwai,
Allah ya kai shi safiya.