Tambaya Ta Bakwai

Daren da aka nuna Luba kai tsaye a talabijin
gidanmu na Runjin Sambo ya cika har zaure.
Inno ta sa aka fito da akwatin tsakar gida,
aka kife turmi aka ɗora shi,
don ɗaki ba ya zaunuwa a watan zafi.

Baffa Modi ya zauna gabas,
Baffa Gidado ya zauna yamma.
Shekara shida ba su gaisa ba,
tun rigimar katangar nan
da ta ci taku biyu a filin gado.
Ko a jana'iza kowa da sahunsa.
Amma Luba ɗiyar ƙanwarsu ce,
kuma su biyun sun sha biya mata kuɗin makaranta,
kowa a ɓoye, kowa yana zaton shi kaɗai ne.

Wata biyu ta yi tana hadda.
Bayan isha'i nakan ji ta tana bita:
waɗanda suka karɓi lambar zaman lafiya ta duniya,
wata don ta dasa itatuwa,
wani don ya fito kurkuku bai rama ba,
sunaye masu tsaya wa harshe
kamar tsakuwa cikin shinkafa.
Inno kan leƙo ta ce,
"Yo waɗanga mutane, hwaɗan wa sunka raba?"

Ga ta nan, hijabi ruwan toka, yatsa kan ƙararrawa.
Kogi mafi tsawo, ta ci.
Ƙashi nawa ne a jikin mutum, ta ci.
Tsakar gida ta ɗauki guɗa,
baffannin suna murmushi, kowa yana kallon nasa gefen.
Mai gabatarwa ya gyara wuyan kwat:
"Tambaya ta bakwai, maki goma.
Wane ne ya karɓi lambar zaman lafiya a shekarar..."

Ɗif.
Aka ɗauke wuta.

Janareta na Modi ne, amma tankinsa ƙaf.
Mai yana cikin babur ɗin Gidado.
Ba wanda ya ce uffan. Sauro kaɗai ke magana.
Sai muka ji ƙarar takalmi gabas,
muka ji ƙarar takalmi yamma.
Gidado ya zuƙi tiyo har fetur ya shiga bakinsa,
ya tofar, ya yi tari,
Modi ya haska masa da waya.
"Riƙe man mazurari."
Kalma uku, bayan shekara shida.
Modi ya ja igiya sau tara, injin ya ƙi.
"Kauce. Kai tun muna yara ba ka iya jan komi ba,
ko guga sai ta hwaɗa rijiya."
Wata dariya ta kuɓuce wa Modi,
irin wadda ta daɗe a kulle ta yi tsatsa.

Da injin ya tashi, tallar sabulu muka tarar.
An gama.

Jibi Luba ta dawo da fanka mai tsayuwa,
kyautar wadda ta zo ta uku.
Ta zauna bakin rijiya tana kuka:
sunan yana bakinta, ya gudu,
ƙararrawa ta riga ta.
Inno ta ce, "Share hawayenki.
Ni na san wanda ya ci lambar wagga shekara.
Yaron nan ne na ofishin lantarki
da ya kashe muna wuta."

Katanga tana nan, ba ta matsa ko taku ɗaya ba.
Sai dai mazurarin nan yanzu a kanta yake kwana,
wata safiya bakinsa na kallon gabas,
wata safiya yamma.