Ido a Fadamar Lekki

Na ɗaure kyamara a jikin tukurwa,
na sa ta ba wa rana baya.
Daren farko, janareton maƙwabta
ya haɗiye kukan kwaɗi gaba ɗaya.

Jatau ya ce, "Naɗe makirufon da soso,
iskar teku ba ta san kunya ba."
Na naɗe. Na share raɓar gilashi
da bakin rigata.
Sabis sanda biyu kacal,
sai da na ɗaga eriya ta tsere wa ganye.

Da asuba wayata ta motsa a Obalende:
biri ya manna hanci a gilashin,
numfashinsa raɗau a kunnena.
Hoton duk ya yi dishi-dishi.
Ban goge shi ba.