Gonar Baba Ba Ta Da Kusurwa

A aji huɗu Malam Dantani ya shigo mana da ekis.
Ya ce, "Ga baƙo, ba ya faɗin sunansa,
sai kun bi sawu."
Ya ja layi biyu a kwance, ya ce sikeli ne:
"Abin da ka ɗauke a dama, ɗauke shi a hagu,
ko so kake ka zama mahaucin da ke danna yatsa
a gindin faranti ranar Talata?"
Aljabara ke nan.
Sifili na ci a makon,
ƙato, da jan biro, kamar bakin tulu.

A aji biyar ya kore mu waje da hantsi,
mu auna giginyar bayan masallaci
ba tare da mun taɓa ta ba.
Inuwa, kusurwa, sayin da kosayin,
alwatika a ƙasa da tsinken dawa.
Lissafi ya ce ƙafa arba'in da biyu.
Sahabi bai yarda ba,
ya hau da igiyar guga a baki,
ya sauko da ƙafa arba'in da ɗaya da tsagaggen wando.
Malam ya ce, "Ƙafa ɗayan tana cikin rawar hannunku."

Aji shida, mu bakwai muka rage.
Kalkulas, in ji allo.
"Fara ce," in ji shi, "tana nufin bango,
kowane tsalle rabin abin da ya saura.
Yaushe za ta kai?"
Luba ta ce kaza za ta cinye ta kafin nan.
Bai yi dariya ba sai da ya juya baya.
Daga nan muka koyi tambayar ruwan Bakolori
saurinsa a wannan ƙiftawar,
ba jiya ba, ba anjima ba.

Saura babi ɗaya aka mai da shi Gusau.
Ya bar mini littafinsa, bango ya cire,
gara ta ci shafi tara.
Na kwana uku ina kallon wata alama
mai kama da ƙugiyar rijiya,
ba ta ciro mini komai ba.

Ranar Asabar Baba ya ce in riƙe masa igiya.
Zai ba da jinginar gonarmu ta bakin kwalbati,
wadda ruwa ya yanka mata gefe kamar lauje.
Na ce, "Baba, wannan ba ta aunuwa,
ba murabba'i ba ce, ba da'ira ba."
Ya dube ni kamar kuɗin makaranta sun faɗa rijiya.
Ya taka kunyar farko, taki goma sha ɗaya,
ta biyu sha uku, ta uku sha huɗu da rabi,
yana ƙulla wa igiya ƙulli,
har kunya ta ƙanƙance ta shige ruwa.
Sannan ya tara.

Na tsaya da laka har idon sawu.
Shafi taran nan ne, a bakin mutumin
da bai taɓa riƙe biro ba sai don ƙyasta kunne.
Na ce, "In da kunyoyin sun fi haka siranta fa?"
Ya ce, "Da na fi dacewa,
kuma da na kwana a nan."

A jarrabawa na ci, ban da maki ɗaya:
na manta in rubuta ƙarin si a ƙarshe,
abin nan da yake can tun farko
amma hanya ba ta nuna shi.

Yanzu ni ke auna ruwa a madatsa.
Baba ya shekara shida a ƙasa,
gonar ba mu fanso ta ba.
Malam Dantani, an ce yana kiwon kaji a Tsafe.
Igiyar tana rataye a ofishina,
ƙulli talatin da bakwai.
Na sake lissafin da na'ura a bara:
ya kuskure da taki biyu.