Ƙiba ko Kumburi

Inda Ɗanliti ke kafa teburin shayi a Obalende
yanzu gilashi ne, hawa tara.
Mai gadi ya hana ni inuwarsa.

An gyara kwata, ban musa ba.
Fitilar titi tana ci har asuba,
sai dai ban san fuska ko ɗaya a ƙarƙashinta ba.

Iya Ronke ta ninka mini haya
tana ba ni haƙuri, ido a ƙasa.
Dillalai sun fara taya gidan.

Wai Ikko ta murmure.
Ni ɗan mahauta ne,
na san ƙiba, na san kumburi,
sai an danna da yatsa ake rabewa.
Daga Agege, inda na koma,
hannuna ba ya kaiwa.