Takwas a Ɗakin Huɗu

Shekara biyu tana kwance a garejina a Buzaye,
ba taya, bisa duwatsu,
kaza ta yi ƙwai a kujerar baya.
Silika ce mai ƙofa biyu, ta uban Tambari,
tun yana ɗaukar albashi a kamfanin siminti.
Da ya rasu aka zauna rabon gado,
wani ya ɗauki fadama, wani ya ɗauki shanu,
Tambari ya ce a bar mashi mushen.

Injin daga Illela ya zo, a bayan a-kori-kura,
silinda takwas, an zaro shi daga cikin jif
wadda ta yi gardama da ƙarfen gada.
Na zagaya shi sau uku.
Na ce, Tambari, ɗakin nan na mutum huɗu ne,
ina za mu shimfiɗa wa takwas tabarma?
Ya ce, Mode, in da sauƙi gare shi
ai da ban taho wurinka ba.

Sai na yanka.
Na ture bangon gaba taƙi ɗaya,
batir ya yi ƙaura zuwa but,
lagireto na karɓo aro daga wata bas,
farfela na kai Sahara aka rage mata tsawo,
aka sake ragewa, don awon farko nawa ne kuma na yi kure.
Azumi ya same mu a ƙarƙashinta,
ƙarfe ba ya taɓuwa tun hantsi.
Babban yatsana na hagu har yau bai san sanyi ba,
walda ta cinye mashi ji.

Ran Alhamis bayan la'asar na murɗa makulli.
Ta yi tari. Ta yi shiru.
Sannan ta buɗe baki.
Tantabarun Dodo mai faci suka watse sama,
kofunan mai shayi suka kama rawa a kan tebur,
liman ya aiko yaro ya tambaya ko lafiya.
Ni kuwa, da furfurata,
na juya baya ina goge ido da tsumman baƙin mai.

Na ce mashi saura birki.
Ƙirjin zaki ne yanzu, dugadugan kuwa na ɗan akuya.
Ya ce kuɗin sun tafi wurin fenti,
ja, irin na tattasai,
da salansa biyu masu faɗin bakin tulu.
Wata mai kamawa, in ji shi.
Wata uku ke nan suna kamawa.

Ban taɓa shigarta ba, ko zuwa bakin titi.
Kekena ya ishe ni.
Amma da dare, in zafi ya kore mu tsakar gida a Mabera,
in janareton maƙwabta ya mutu,
nakan jiyo ta can wajen baifas.
Ta ɗaya. Ta biyu, ya daɗe a ciki, yaron nan.
Ta uku, taya na kuka.
Kulu ta ce in kwanta, ba ɗana ba ne.
Na ce mata fulogi na shida yana sata,
ta ce ni kaɗai ke jin haka a Sakkwato.

Akwai kwana gaba kaɗan, inda masu albasa ke sauke buhu,
wani sa'in su kwana nan gefen kwalta.
Na san nisan da kunne.
Nakan ƙirga, ɗaya, biyu, har bakwai,
ina jiran muryar ta sauko,
ya saki totur, ya koma ta biyu.

Jiya sai da na kai tara.

Da asuba na ciro faifan birkin jif ɗin
da na ɓoye a ƙarƙashin benci,
na wanke su da kananzir.
Cikon kuɗina dubu tamanin yana wurinsa.
Ya kawo ta kawai.