Keken Ɗinkin Mama Yosina

Tun da asuba Librek ya buga mini ƙofa,
ya ce, "Tashi, ruwa ba ya jiran mai shan shayi."
Na saɓi jakata: mai, sukudireba, allura uku,
na bi shi ba takalmi har bakin gaɓa.

Tsibirin nan, in ka tambaya a Ambon
sai a ɗaga maka kafaɗa.
Librek kuwa da hanci yake nemansa:
"In ka ji ƙanshin kanumfari bisa ruwan gishiri,
kashe inji, mun iso."

Awa biyu kwalekwale na tsallen ɗan akuya,
cikina ya mayar da abin da ban ma ci ba.
Kifaye masu fiffike suka raka mu kaɗan,
suka koma harkarsu.
Sai ga shi can, kore shar, ɗan mitsitsi,
kamar faifan da aka kife bisa teku.

Gida goma sha tara. Na ƙirga.
Coci guda, rijiya guda, kare mai ido ɗaya,
kanumfari a shanye kan tabarmi har tsakiyar hanya;
sai ka yi tafiyar hawainiya
kada ka taka arzikin mutane.

Keken ɗinki ɗaya ne a duk tsibirin,
watansa huɗu da yin gum.
Mama Yosina ta yaye masa zane
kamar mai nuna wa likita majinyaci.
Gishiri ya ci shi, tsatsa ta shaƙe masa wuya,
cikin akwatin zare ƙaguwa ta kama ɗaki,
har da ɗaga mini hannu, wai gidanta ne.

Na kwance, na goge, na ɗiga mai.
Yara suka yanyame ni, numfashinsu a ƙeyata.
Yarinya ɗaya ce ba ta matso ba,
tana bakin taga rungume da yadi, fari da shuɗi.
"Welmince ke nan, jikata.
Ran Litinin za ta haye makarantar birni.
Ba za ta je da ɗinkin hannu a yi mata dariya ba."

Da rana ta take aka kawo gasasshen kifi
da wani tuwo mai yauƙi kamar ƙaro,
wai daga cikin itace ake tatso garinsa.
Na kama shi ya zille, na sake ya zille,
tsofaffi suka yi dariya har da riƙe ciki.

Sai na taka feda.
Tak. Tak-tak. Takatakatak.
Kare ya zabura, kaji suka watse,
wani dattijo ya fito ba riga yana duban sama,
ya zaci ruwa ne ya sauka kan kwano.

Mama Yosina ta zauna, ko kallona ba ta yi ba,
ƙafarta ta tuna abin da ta sani.
Sai dai na lura tana jan ɗinkin a hankali,
a hankali ƙwarai,
kamar mai gudun kada rigar ta ƙare.

Librek ya ƙwala kira: ruwa na janyewa,
in mun ƙara jimawa kan duwatsu za mu kwana.
Ladana kanumfari cike da gwangwanin madara
da busasshen kifi biyu.
Allura ukun na bar su ƙarƙashin zane, ban faɗa ba.

Ban ga kogon da yaran ke ta ba ni labari ba.
Ban yi iyo ba, ban ɗauki hoto ba.
Amma da muka yi nisa
Librek ya kashe inji don cire ciyawa a farfela,
cikin shirun nan, ta saman ruwa,
na jiyo shi ƙasa-ƙasa:
tak-tak, ya tsaya, tak-tak.

Yau kwana tara, jakata na ƙanshi har yanzu.
Duk safiya 'yan makaranta na wuce shagona,
fari da shuɗi, fari da shuɗi,
ni kuwa idona na kan bakin rigunansu,
ina neman ɗinkin da aka yi shi ba gaggawa.